Arba'in da Biyar

…kuma ko bencin ba su canza ba. Fenti kawai suka shafa masa. Ƙafarsa ta hagu har yanzu tana ɗingishi in mutum ya jingina, sai an ɗan karkata jiki dama, yadda ya saba yi shekara talatin da ɗaya duk sanda ya fito daga ɗakin gwaji ya huta idonsa. Yau shi ne mai jira, da 'yar takarda mai lamba a hannu. To, ba laifi. Zaman ma da daɗi — fanka na juyawa a hankali, warin sabulun wanke kwalabe yana sulalowa ta ƙarƙashin ƙofa, wari ne da ya fi masa kowane turare…

Auta ta hau sama wurin awo. 'Yarsa ke nan, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, amma Auta aka saba ce mata. Wata bakwai. Bakwai! Yana faɗa a ransa, yana sake faɗa. Sau uku cikinta yana zubewa kafin ya kai wata uku, wannan kuwa ya zauna daram. An ɗebi ruwan mahaifa an duba, jaririn lafiya lau, komai nasa cif. Me kuma bawa zai nema? Saura tambaya ɗaya tak. Abin da aka gani a jinin Auta, wanda ya riƙa zubar mata da ciki, daga wa ta gado shi — daga shi, ko daga uwarta? Uwarta shekara tara ke nan tana ƙasa, ba mai ɗibar jininta. Sai nasa. In an gani a nasa, magana ta ƙare. In ba a gani ba…

So yake a gani. Wane irin tsoho ne zai goge rigarsa da sassafe, ya zo ya zauna a benci yana roƙon Allah a sami aibi a jininsa? Ga shi nan dai. Uwar Auta, kina jin abin da nake roƙo?

Surukinsa ne ya fi ba shi wahala wurin bayani. Mutumin kirki, makanike, abin da bai taɓa da hannu ba ba ya yarda da shi. A falo, shayi yana hucewa. Ya ce masa, ɗauka kowace ƙwaya ta jikinka ɗakin littattafai ce. Littafi arba'in da shida, ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba, su ne ake kira kuromosom. Zaren da ke naɗe a cikinsu shi ne DNA, rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, ana ta jujjuya su sama da sau biliyan uku a kowane ɓangare. A wurin Auta, littafi na goma sha uku da na goma sha huɗu an ɗinke su a bango ɗaya. Karatunta bai ragu ba, shi ya sa take lafiya. Amma in aka zo raba wa jariri rabonsa, wani lokaci ya tafi da ƙari, wani lokaci da giɓi, sai cikin ya kasa zama. Makaniken ya sosa ƙeya — "Wato Baba, matata har a cikin jini ma tsimi take yi." Auta ta jefe shi da matashin kujera. Dariya… an daɗe ba a yi irinta a gidan ba.

Injin nan kuwa. Makon jiya aka nuna masa shi, ranar da ya zo ba da jini. Farin akwati, bai kai firji ba, ba ya ko ƙara sai ɗan huci. Sai a daddatse zaren gutsi-gutsi, injin ya karanta kowane gutsure harafi bayan harafi, kwamfuta ta bi tana neman inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan, ta jera. Kamar a yayyaga kwafi talatin na littafi guda, a zube a tabarma, a ce maido da shi. A makarantar mishan shafi ɗaya ake ba su su kwafa, in ka tsallake waƙafi rula ta sauka a yatsu — wannan kuwa biliyoyi, kwana biyu, ba rula. Abin sha'awa ne, wallahi, ba ya ƙyashi. Sai dai… sai dai injin ya karanta na Auta, ya ce bai ga abin da ya ɓace ba. Gaskiyarsa, ba abin kirki da ya ɓace. Haruffa yake gani, ba ya ganin bango. Sai da aka koma tsohuwar hanya, a shuka fararen ƙwayoyin jini kwana uku a akwatin ɗumi, a ɗiga su a kan gilashi su fashe, a rina, a sa a madubin likita a ƙirga. Hanyarsa. Da ya ji haka sai da ya je bayan gida ya yi murmushinsa shi kaɗai, kada a ce tsoho yana alfahari.

Ƙofa. Ɗaliba ce. Ita ce shugabar ɗakin gwajin yanzu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, jikoki biyu, amma a bakinsa Ɗaliba take tun ranar da ta zo masa tana 'yar shekara ashirin tana fasa gilashi uku a yini.

"Malam, shigo ka gani da idonka. Na san halinka, in na miƙa maka takarda cewa za ka yi ban iya ƙirga ba."

Sanyin ɗakin. Teburinsa ba ya nan, sun sa firinta a wurin. Tagar tana nan. Ta ja masa kujera gaban kwamfuta, ta juyo masa da allon, ta koma gefe ta harɗe hannu kamar mai jiran maki.

Ga su. Ikon Allah, ga su… baƙaƙe da ratsi-ratsi, a jere biyu-biyu, manya a sama ƙanana a ƙasa, kamar yara a layin safe. Nasa ne. Shekara saba'in da ɗaya yana yawo da su. Tabarau — ina tabarau? A goshi. Da yatsa zai bi, ba ya yarda da ƙirgan ido. Ɗaya, biyu. Uku, huɗu. Kada a yi sauri. Mai sauri ne ke ƙirga sau biyu. Littafi na goma sha uku guda ɗaya. Na goma sha huɗu guda ɗaya. Ga kuma wani dogo a tsakaninsu, ƙafafu sama ƙafafu ƙasa, ɗamara a tsakiya. Arba'in da uku, arba'in da huɗu…

Arba'in da biyar.

"Ƙwaya ashirin na duba, Malam. Duka haka."

Alhamdu lillahi. Wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, abin da bai san yana ɗauke da shi ba sai da ya sauka. Ba ke ba ce. Uwar Auta, ba ke ba ce, ni ne. Ciki huɗu suka zube kafin Auta — huɗu, yana iya faɗin watan kowanne, yana da su a rubuce a bayan tsohon littafin addu'arsa. Yaya, babbar 'yar'uwarsa, a bakin ƙofar kicin, ba ta ko rage murya ba, wai wasu matan kwando ne, kome ka zuba sai ya tsiyaye. Uwar Auta kuwa tana ninke zanen gado, ta haɗa kusurwa da kusurwa, ta shafe da tafin hannu, ba ta ɗago ba. Duk abin da aka kawo ta sha, mai ɗaci da mai wari. Har azumi ta riƙa yi, wai ko akwai laifin da ta manta. Yau da Yaya tana da rai da ya buga wannan hoton ya kai mata har gida, ya zauna ya ƙirga mata da yatsa… a'a, ba da faɗa ba. Cikin ladabi. Yaya, duba nan. Jinin gidanmu ne. Wataƙila ke ma kina da shi.

Daɗi yake ji. Ashe mutum yana iya jin daɗi irin wannan a gaban aibinsa. Zai gaya wa Auta, su biya ta maƙabarta in ta haihu, ko shi kaɗai ma ya je gobe…

Dogon nan dai. Me ya sa idonsa yake komawa kansa? Kamar ka ga fuska a tasha, ka san ka santa, sunan ya ƙi zuwa. Ya ga irinsa a jinin mutane, sau goma sha wani abu cikin shekarun aikinsa, ya rubuta, ya sa hannu. Ba wannan ba ne. Wani sani ne daban, na can baya, tun kafin ratsi —

Ɗakin duhu. Jan fitila. Yana ɗan shekara ashirin da huɗu, wata na biyu da fara aiki. Tsohon likitan da ya kafa wurin yana da doka, kowane sabon ma'aikaci da jininsa zai koya, kada ya ɓata na marasa lafiya. A lokacin ba kwamfuta, rinin ratsi ma bai iso gare su ba, baƙaƙe ne sumul, da tsawo da wurin ɗamara ake gane su. Ka ɗauki hoto ta madubi, ka wanke, ka shanya, sannan ka zauna da ƙaramin almakashi ka yanko su ɗaya-ɗaya, ka jera a kati, ka manna da gam. Likitan yana tafe yana faɗa, hannu a baya — ku kula da masu gajeren kai ɗin nan, suna son haɗa kai kamar masu gulma, kada ku ga biyu ku ce ɗaya ne. Sabon hannu kullum sai ya zo mini da arba'in da biyar.

Ya ƙirga nasa. Arba'in da biyar. Kunya ta kama shi. Ya duba ƙarƙashin tebur ko wani ya faɗi, ya kakkaɓe wandonsa. Sai ya gan su — biyu sun haɗa kai, kamar yadda aka faɗa. Ya ji daɗin kansa, ya gano tarkon. Ya sa bakin almakashi daidai kan ɗamarar…

Ƙas.

Hoto uku ya ɗauka. Ƙwaya uku dabam-dabam. A duka ukun su biyun nan ne, a haɗe, wuri ɗaya. Uku! Masu gulma ba sa tsayawa wuri ɗaya sau uku. Yaron da ya fara jiya ma ya isa ya tsaya ya ce, Likita, zo ka gani. Bai tsaya ba. Sau uku ya yanka, a tsanake, ba ko ɗan gefe da ya tauye. Arba'in da shida, layi miƙe kamar an ja da rula. Likitan ya ɗaga katin sama, ya ce ku zo ku ga aiki. Aka kafa shi a bango kusa da taga. Shekara nawa yana nan? Har ya yi ruwan ƙasa. Duk wanda ya zo koyo da shi ake nuna masa yadda lafiyayyen mutum yake. Ɗaliba ma… ita ma a gaban katin ya tsayar da ita, ya ce kalli nan, haka nake so.

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura musu aure, shi da uwar Auta.

Da ya sani fa? Ba magani. Har yau babu. Cikin da zai zube da ya zube, huɗun nan ba mai dawo da su. Amma magana ɗaya — magana ɗaya a bakin ƙofar kicin. Yaya, daga wurina ne. Da ba ta sha ɗacin nan ba. Da ba ta tafi tana zaton… me ta tafi tana zato? Bai taɓa tambayarta ba. Auta ma da tun kafin ta yi aure an duba ta, da ta shiga da saninta, da ukun nan ba su same ta a makance ba. Kullum yana wucewa ta gaban katin, da kofin shayi a hannu. Kullum. Shi da ake tsoro saboda ba ya barin kuskuren kowa ya kwana.

Ko dai ya sani? A'a. Bai sani ba. Yaro ne, an gaya masa abin da zai gani, ya gani. Amma da cikin matarsa na biyu ya zube, da na uku, yana rubuta wa matan wasu sakamako irin wannan, bai taɓa ce wa kansa, kai fa? Ai nasa yana bango. An riga an duba. Wa ya duba?

"Malam? Shiru na ji. Na ci ko na faɗi?"

"Kin ci, 'yata. Aikinki ya yi kyau."

Ya yi kyau ƙwarai. Ba ta taɓa komai ba, yadda ta same su haka ta bar su.

Muryar Auta a baranda, tana tsokanar wata nas, wai jaririn ya shure na'urar awo. Takunta ya yi nauyi, tana jan silifa, tana tsayawa tana hutawa. Lafiya take. Jaririn lafiya yake. Wannan gaskiya ne, ba abin da ya taɓa shi, yana jin ɗuminsa har yanzu a ƙirji tare da ɗayan abin, su biyun a wuri ɗaya. Yanzu za ta leƙo ta ce, Baba, me suka ce? Zai ce daga wurina ne, ba daga Mamanki ba. Za ta yi kuka kaɗan, na daɗi. Sauran fa, maganar almakashi? A mota? Bayan ta haihu? Ko kuwa…

Ya dafa gwiwoyinsa zai tashi. Sai ya fasa. Kujerar nan tana da laushi, ɗakin da sanyi, takun yana matsowa. Bari dai ya ɗan zauna. Kaɗan kawai…