Hular Sarkin Tashar Kura

A tashar Kura babu motar da ke motsawa sai Alhaji Maharazu ya buga mata baya da tafin hannu. Shi ne Sarkin Tasha tun kafin a yaye rabin direbobin, kuma ya fi son wannan suna a kan wanda aka raɗa masa ranar suna. Dokarsa sananniya ce: idan babban mutum ya ajiye hularsa a gidan gaba ya tafi gaisawa, to motar nan ta kafe. Ko da marar lafiya a ciki, ko tumatir yana narkewa a but, sai mai hula ya dawo. Masu hular su dawo su damƙa masa na goro, sauran fasinjoji kuwa su yi ta fifita suna haɗiye tsaki. Wannan hannu nasa shi ne dukiyarsa, shi ne girmansa, ban da shi Maharazu tsoho ne kawai mai tumbi da sanƙo.

Da ƙungiyar masu casar shinkafa ta yanke shawarar tura mutum biyu Chaina su ga sabon inji da idonsu kafin a saya, sai aka zaɓi Datti, sakataren ƙungiya. Na biyun kuwa Maharazu ne ya zaɓi kansa. Bai san komai a kan inji ba, amma ya ce tafiya sana'arsa ce, kuma wanda duk ya musa sai ya tuna buhunansa ta tasha suke bi. Datti ɗan kawunsa ne, abokin wasansa, shi kaɗai ke iya gaya masa magana ya kwana lafiya.

Ana saura makonni tafiya Datti ya same shi a inuwar mangwaro a bakin kanal, ya ce ya kawo fasfo. Masana'antar tana da nisa da Gwanzu inda za su sauka, sai an hau jirgin ƙasa wuni guda, kuma baƙo ba ya samun kujera sai an yanki tikiti tun daga gida da lambar fasfonsa.

"Tun yanzu?" in ji Maharazu. "Kai bawana, wa ya taɓa yankar tikiti bai ga mota ba? Idan mun je sai mu ga wadda ke lodi."

"Sarki, can ba a lodi. Lokaci ake bi."

"Haka kowane direba yake faɗa. To tunda ka nace, ka ce musu gidan gaba."

"Jirgin ƙasa ba shi da gidan gaba."

"Babu abin hawan da ba shi da gidan gaba. Ba ka san mutane ba ne."

Datti ya yi ta danna waya, tana korarsa yana komawa, don sunan da ke fasfon ya fi gurbin da aka bari tsawo. Da ƙyar ta karɓa. Maharazu yana gefe yana ba shi labarin yadda ya taɓa tsayar da tirela a Kwanar Gafan da ɗan yatsa ɗaya.

Tashar Gwanzu ta ɗan girgiza shi, gaskiya, amma bai nuna ba. Mutane kamar ranar kasuwar Bunkure sau ɗari, kuma babu mai kiran gari ko ɗaya. Ba ɗan kamasho, ba mai shayi, ba wanda zai ce maka sannu da zuwa. Wata ma'aikaciya ta duba fasfonsa, ta dubi fuskarsa, ta nuna masa ƙofa ba tare da ta rusuna ba. Ya ce wa Datti tasha ce mai kyau, sai dai ba ta da shugabanci.

Jirgin ya tashi da kujeru uku babu kowa a taragonsu. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya ce asara ce tsagwaronta, da a Kura ne da direban nan ya kwana a ofis.

Suna tafe gonakin shinkafa suna wucewa ta taga kamar ana yayyafa su, shi kuwa abin da ke cin sa daban. An yi tafiya mai tsawo haka bai gaisa da direba ba. A iya saninsa, matafiyin da direba bai san fuskarsa ba kaya ne, ba mutum ba. Da jirgin ya tsaya a wani gari da rana tsaka, sai ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ina zuwa, Sarki?" Datti ya tambaya.

"Zan je mu gaisa da direba. Ɗan'uwa ne a sana'a."

"Don Allah ka zauna. Tsayuwar nan ba ta kai a sha kofin ruwa ba."

Maharazu ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda boko ya lalata. Ya cire hularsa, zanna bukar mai aikin hannu, ya ɗora ta a kan kujera bisa wayarsa da ke caji, ya daidaita ta yadda kowa zai gani.

"To ga shi na kama wuri," ya ce. "Hankalinka ya kwanta?"

Ya sauka ya nufi gaba cikin takun ƙasaita. Sai dai jirgin nan ba shi da ƙarshe, tarago na bin tarago kamar kunyoyin gonar gwamnati. Bai wuce uku ba ya ji ƙofofi sun rufe kansu. Ko a jikinsa. Ya matsa ya buga wa jirgin tafin hannu da ƙarfi, irin bugun da ke nufin a dakata, akwai saura. Jirgin ya zame a hankali. Ya sake bugawa. Ya ɗaga murya ya ce akwai hula a ciki. Taragonsu ya zo wucewa, ya hango Datti manne da taga, da hularsa zaune ɗas a kujera ta fi kowa natsuwa. Kafin ya tattara riga ya yi taku biyar, ko ƙurar jirgin babu.

Sai a lokacin tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba waya, ba yare, ba hula. Ma'aikatan tashar suka kai shi wani ɗaki, suka ba shi ruwan zafi zalla a kofin takarda, suka yi ta yi masa magana ta waya mai fassara. Ya gaya wa wayar shi Sarkin Tasha ne. Allah kaɗai ya san abin da ta faɗa musu, don sai suka ƙaro masa ruwan zafi. Jiragen da ke biyowa baya duk sun cika da waɗanda suka yanki tikiti tun daga gida. Da Datti ya samo ma'aikatan tashar ta hannun ma'aikacin jirgi, aka shirya a mayar da shi Gwanzu ya jira a masauki.

Hula kuwa ta isa lafiya. Washegari mutanen masana'anta suka shirya tebur, kowane baƙo da kujerarsa da sunansa a gaba. Datti, da yake abokin wasa ba ya barin bashi, ya ɗora hular a kujerar Maharazu, aka ɗauki hoto: Sinawa huɗu suna murmushi, Datti yana murmushi, hula tana tsakiya. Ya tura wa guruf ɗin ƙungiya na waya, ya rubuta cewa Sarki ya duba inji ya gamsu.

Maharazu bai san da hoton ba. Da suka dawo Kura ya zauna a bencinsa ya ba da labari cewa hukumar tashar can ce ta roƙe shi ya tsaya ya ba su shawara, har da liyafar shayi. Jama'a suka saurara cikin ladabi fiye da kima. Mai shayi ya juya baya yana ta wanke kofin da ya riga ya wanke.

Ranar Alhamis tafiya Kano ta kama shi. Motar Hammadu ce a layi, direban da ya sha yin wuni a rana saboda hulunan manya. Maharazu ya ajiye hularsa a gidan gaba, ya tafi rumfar masu albasa gaisawa. Mota ta cika. A baya akwai Saude, wata dattijuwa mai kai tumatir Kano, wadda kwandunanta suka sha ruɓewa a tashar nan ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta leƙa ta dubi kujerar gaba.

"Hammadu ɗan nan, me muke jira?"

"Sarki, Iya."

"Ba ga shi nan a zaune ba? Wadda ta je Chaina ta dawo, tashar Na'ibawa ce za ta gagare ta?"

Motar ta ɗauki dariya. Hammadu ya dubi rumfar albasa, ya dubi fasinjojinsa, ya murɗa makulli.

Maharazu ya ji ƙarar inji ya fito da sauri, hannu a sama. Hammadu ya rage gudu daidai shi, ya rusuna ta taga cikin girmamawa.

"Ranka ya daɗe, kada ka damu, zan dawo da ita kafin la'asar."

Ya hau kwalta. Babu wanda ya buga wa motar baya. Maharazu ya juya don ya ga wa zai tsawatar, sai ya tarar motar da ke bin layi ita ma ta cika, direbanta ya tayar, ko kallon inda yake bai yi ba. Hannunsa yana nan a sama, rana tana dukan tsakar kansa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya sauke hannun a hankali ya rufe sanƙonsa da shi.