Kalmar da Mai Tabarau Bai Ƙirƙira Ba

Mai Tabarau mutum ne da ba ya son ganin abu a karkace. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙasan wani bene, tsakanin tela da mai sayar da fenti, kuma kowane abu a ciki yana da mazauninsa: firam-firam a jere bayan gilashi, allon haruffan gwajin ido a bangon ƙurya, injin goge bakin gilashi a gindin taga, 'yan mitsi-mitsin sukurori a cikin murfin kwalba. In mutum ya shigo da tabarau ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba ya iya amsa gaisuwarsa da kyau sai ya karɓa ya daidaita.

Amma abin da ya fi ci masa rai ba tabarau ba ne, magana ce. Tun yana saurayi yake jin haushin yadda harshe ba ya bin doka.

"Gida, gidaje," yakan ce wa matarsa. "To jirgi fa? Jirage. Akuya kuma ta tashi ta zama awaki. Wa ya ba ta izini?"

"Sai ka je ka tambayi akuyar," in ji ta.

Da ya ga ba mai gyarawa, sai ya zauna ya ƙera nasa harshen, a lokutan da shago ya yi tsit bayan azahar. Harshe ne da ba togiya a cikinsa ko ɗaya. Jam'i duka da "lo" yake ƙarewa, ko na mutum ko na cokali. Babu "ya" babu "ta", namiji da mace kalma ɗaya suke ci. Abin da ya wuce a sa masa "dume" kafin aikatau, abin da zai zo a sa masa "sele". "Mi dume pora", na ci. "Mi sele pora", zan ci. Ya kuma hana baƙi biyu iri ɗaya su zauna kusa da juna a cikin kalma, don a ganinsa wannan cunkoso ne.

'Ya'yansa biyu ne, duka mata, Yaya da Auta, kuma a kansu aka gwada. Dokar gidan ita ce daga lokacin da aka jera faranti har a kwashe, ko gishiri mutum yake so sai ya roƙa da sabon harshe. Wadda ta yi kuskure, wanke-wanke nata. Matarsa tun ranar farko ta cire kanta.

"Harshe ɗaya ke bakina," ta ce, "kuma yana yi min aiki."

Ya raɗa wa harshen wani dogon suna mai daɗin ji, ba wanda ya riƙe. Yaran kuwa Tebur suke ce masa, haka kuma sunan ya bi shi.

Yaya taurin kai gare ta, hannunta ya fi na kowa sanin ruwan sabulu. Auta kuwa duk abin da ya fito daga bakin ubanta, ta ɗauke shi yankan wuƙa. Ɗaki ɗaya suke kwana, can kuma Tebur ya riƙa zuwa inda maƙerinsa ba ya ji. Wata rana ya tsinci "mimpora" a bakin Yaya maimakon "mi dume pora", ya tura ta wajen tukwane. Daga nan suka koyi faɗin cikakke a gabansa, gajere a bayansa. Suka girma, suka yi aure, kowacce ta tafi garin da aikin mijinta yake. Teburin cin abinci ya rage mutum biyu, ɗaya kuma ba ta magana da harshen. Mai Tabarau ya ɗauka harshen ya mutu, bai kuma yi wa kowa ƙorafi ba.

Daga bakin surukinsa, mijin Yaya, ya fara jin cewa da sauran numfashi. Mutumin ya kawo gaisuwa, ana shan shayi ya ce, "Baba, a yi mana taimako. Uwa da 'ya suna zagina a gidana, kuma da nahawu." Ashe Yaya da Tebur take rarrashin 'yarta, da shi take yi mata faɗa a gaban baƙi. Auta ma haka take da tata.

Shekarar da jikokin suka fara wayo sosai, aka kawo su hutun makaranta gidan kakanni, aka bar su. 'Yar Yaya ana ce mata Wushirya, 'yar Auta kuma Kumatu, kusan sa'annin juna. Rabonsu da haɗuwa tun ana goya su, amma kafin a sauke jakunkuna sun tsunduma cikin Tebur kamar jiya suka rabu. Mai Tabarau ya zauna a kujerarsa ya kasa kunne. Yakan kama kalma ɗaya, biyu su wuce shi. Ji ya yi kamar ya sa tabarau ɗin wani: ga abin nan a gabansa, ya san shi, amma gefe-gefensa duk ya narke.

Shagon ba ya ɗaukar yara biyu, don haka ya ce zai riƙa tafiya da ɗaya-ɗaya. Wushirya ta riga sa takalmi. Kumatu ta biyo su har bakin matakala tana ƙunƙuni, Wushirya ta waiwayo ta ce mata, "Mis lumo akke."

Ya gane "mis lumo". "Mi sele lumo" ne aka cinye masa ciki, wato zan dawo. Abin da ya biyo baya kuwa ya ɗauka shaƙuwa ce.

A shago Wushirya ta karanta allon haruffa daga sama har ƙasa, da ido ɗaya, da ɗayan, sannan a juye. Ta gwada kowane firam da hannunta ya kai, ta tambayi tela dalilin da ya sa yake riƙe allura a baki. Zancen komawa ɗauko wata bai taso ba. Da rana ta yi suka nufi gida cin abinci, tana sanye da wani firam marar gilashi da ya ba ta aro.

A matakalar ƙasa suka tarar da Kumatu zaune, takalmi a ƙafa, jaka a cinya. Kakarta ta ce tun fitarsu take nan, ta ƙi shayi, ta ƙi burodi, ko bayi sai da gudu ta je ta dawo. Kumatu ta miƙe ta cakumi Wushirya. Kafin a raba su an ja gashi, an yi yaƙushi, firam ɗin ya faɗi ƙafarsa ɗaya ta cire.

A teburin cin abinci aka yi shari'ar.

"Da harshen da zan ji za a yi," in ji kakar.

"Ta ce akke!" Kumatu ta faɗa tana shessheƙa.

"To ai na ce akke," in ji Wushirya. "Shi ya sa ban dawo ba. Ke ba kya ji ne?"

Mai Tabarau ya ɗaga hannu. "Ɗaya bayan ɗaya. Wushirya, mene ne akke?"

"Kaka, akke shi ne in ka faɗi abu don a ƙyale ka. Kamar Mama ta ce ki share ɗaki, ki ce zan share akke. Kowa ya san ba sharewa za ki yi ba. Ita ma Mama haka take ce wa Babana in ya ce ta rage waya."

"Ƙarya take yi!" in ji Kumatu. "Akke shi ne ko sama da ƙasa za su haɗu sai an yi. Mamana in ta ce akke, magana ta ƙare. Ko rantsuwa ba ta kai shi ba."

Suka juyo gare shi gaba ɗaya. "Kaka, wa ta yi daidai? Ai kai ka yi yaren."

Ya gyara zama, ya ce musu babu wannan kalma a Tebur. Ba ma yadda za a yi ta kasance, tunda ga "k" biyu manne da juna. Yaran suka dube shi da irin kallon da ake yi wa tsoho in ya manta inda ya ajiye hularsa alhali tana kansa. Aka zuba shinkafa, aka ci, ba a yanke hukunci ba.

Bayan an tashi ya bi matarsa kicin da faranti a hannu, abin da bai saba ba. Tana ɗauraye tukunya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kai ne akke."

"Ni?"

"Ta yaya ake faɗin Baba ya ce, a yaren naka?"

"Apo dume kene."

"To maimaita shi da sauri, kamar yarinyar da ake kira ta bar wasa."

Ya maimaita a ransa. Bai kai ga na huɗu ba ya ji inda abin ya nufa.

"Duk dokar da ka kafa a gidan nan da shi suke miƙa wa juna," in ji ta. "A kashe fitila, Baba ya ce. A jera takalma, Baba ya ce. Yaya tana faɗa tana murguɗa baki, Auta tana faɗa kamar ta dafa littafi. Kowacce ta tafi gidanta da nata."

"Ashe kina ji duk shekarun nan."

"Kunne yana da marfi ne? Miƙo farantin."

Da yamma ya kira 'ya'yan a waya. Yaya tana wajen aiki, ana ta hayaniya a bayanta. Ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce, "Wallahi Baba ban san daga nan ta fito ba. Ni dai na tashi na gan ta a bakina." Auta kuwa cewa ta yi, "Ba kai ka koya mana ita ba? Na ɗauka tana cikin na farko-farko."

Washegari ya je shago shi kaɗai. Ya ɗauko firam ɗin da aka karya, ya nemo sukurun da ya dace, ya sa a bakin ɗan sukudireba. Yana ɗaurawa yana bin sawun kalmar. "Dume" ce ta fara faɗuwa, don tana tsakiya kuma kowa ya san Baba ya riga ya faɗa. Saura "apo kene". Gaɓar ƙarshe ta lotsa, wasalin tsakiya ya bi ta, "p" ta jingina da "k" har ta zama ita. Ya nemi wurin da zai sa yatsa ya ce ga inda aka yi laifi, bai samu ba. Kowane taki yana da dalilinsa, kuma da za a ba shi wata jimla mai irin wannan gini, zai iya faɗin yadda za su cinye ta. Wannan ya fi damunsa fiye da murguɗa bakin Yaya, wanda dama ba labari ba ne a wurinsa. Ya ɗora firam ɗin a kan tebur ya ga ƙafafun sun zauna daidai, ya mayar da shi bayan gilashi.

Duk da haka ya ga bai kamata a bar yara suna yaƙushin juna a kan kalma ba. A wajen cin abinci ya sanar cewa an soke akke. Ya ƙera sababbi biyu masu bin doka: "tinu" ga alkawarin da za a cika, "velo" ga maganar fatar baki.

"Kun ji?"

"Mun ji, Kaka," suka ce. Wushirya ta ƙara wani abu ƙasa-ƙasa a cikin kofinta, kakarta ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

Hutun bai yi nisa ba yaran suka sasanta abinsu ba tare da sun nemi kowa ba. In an datse ta, akke, to ta Kumatu ce, alkawari ne. In an ja wutsiyarta, akkee, ta Wushirya ce, kada a sa takalmi. Wani lokaci ɗaya takan tsayar da ɗaya ta tambaya, "Gajere ko dogo?" sannan a ci gaba da wasa. "Tinu" ba a sake jin ɗuriyarta ba. "Velo" ta zama sunan kyanwar maƙwabta, wadda take shigowa ta tagar kicin.

Ana gobe iyayensu za su zo ɗaukarsu aka tashi da ruwan sama. Mai Tabarau yana neman lema a bayan ƙofa ya ji wata murya daga falo tana magana a hankali, kalma bayan kalma, kowace "dume" da "sele" a cike. Ya leƙa. Sun samo kwalin da aka kawo fanka a ciki, sun yanke masa taga. Kumatu ta zura kai a ciki, ta haɗe gira, tana karanta labarai: Velo ta shiga kicin, Velo ta ci kifi, hukuma za ta binciki Velo. Wushirya tana zaune a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ita ce jama'ar gari.

"Me ya sa kike magana haka?" ya tambaya.

Kumatu ta fito da kai ta gefen kwalin. "Ai labarai ne, Kaka. Da yaren manya ake yi. Ba wanda yake magana haka da gaske."

Ta koma ciki ta ɗora daga inda ta tsaya. A jimla ta gaba ta sa "dume" bayan aikatau maimakon gabansa, ta kuma yi hakan a ta bayanta, da alama haka ta ɗauka ake yi. Ya tsaya jim da lema a hannu. Akwai wani direba da ya yi wa alkawarin tabarau da safen nan, mutumin kuma ba ya iya tuƙi sai da su. Ya ce wa matarsa a rufe tagar kicin, ya buɗe lema ya fita.