Rabin Burodi

Aikin likitar ba na allura ba ne. Zama take yi da 'yan matan da suka ƙulla gaba da abinci, ta saurare su, kuma a tsarinta duk wadda ta shigo sai sun ci wani abu tare. A baki tsarin da daɗi, amma mutum ya yini yana cin burodi da ƙwai tun safe, ai sai ya gane kurensa. Kafin yamma ko ƙarnin ƙwai ba ta son ji.

Auta ce ta ƙarshe ranar, 'yar shekara sha biyar, sanye da rigar yayanta mai dogon hannu duk da zafin ofishin. An riga an gaya mata, in nauyinta ya ƙara sauka za a kwantar da ita a zura mata robar abinci ta hanci. Ba abin da take tsoro kamar wannan. Likitar ma ba ta so, don da ƙyar ta samu yarinyar ta fara haɗa ido da ita.

Suka sa faranti a gaba, Auta tana ba da labarin makaranta kamar an sa ta dole. Likitar ta gaji liƙis, cikinta ya cika dam. Da yarinyar ta juya tana kallon taga, sai likitar ta naɗe ragowar burodinta a takarda ta tura ƙarƙashin littafi.

"Anti, ba a sa shi a takarda," in ji Auta. "Maiƙo yana fitowa."

Kunya ta rufe likitar. Ta jawo burodin, ta ce ta ƙoshi ne, kuma da ta faɗa da ya fi. Auta ta daɗe tana kallonta, sannan ta girgiza hannun rigarta, rabin burodi ya faɗo kan teburin.

Likitar ta tambaye ta ko yau ne kawai ta ɓoye. Auta ta ce tun ranar farko.

"Za ki gaya wa Baba?"

"Dole, Auta. Da shi da babban likita."

Yarinyar ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta ɗauki burodin ta gutsura kaɗan.

"In sun kwantar da ni, za ki riƙa zuwa?"

Likitar ta ce za ta zo, ta warware nata rabin daga takardar.