Shafin da Auta Ta Lanƙwashe

Anti Shiru yaran unguwa suke ce mata. Ta san da sunan, kuma bai taɓa damunta ba, tunda aikinta ke nan. Ita ce mai kula da laburaren da ke saman wani shagon gyaran waya, kuma abu biyu ne ba ta yafewa: surutu da lanƙwashe bakin shafi. Mai surutu harara ɗaya ta ishe shi. Mai lanƙwasa kuwa sai ya tsaya a gaban kantarta ya ga yadda take bin littafin shafi bayan shafi, tana miƙar da kowace lanƙwasa da farcen babban yatsa. In ta gama sai ta danne littafin da wani ƙaton ƙamus. Iyakar amfanin ƙamus ɗin ke nan a laburaren.

Farkon hutun makaranta aka kawo kwali guda na sababbin littattafan labarai na matasa, bangonsu ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ƙamshin sabuwar takarda suke yi. Ta buga musu hatimi, ta sa musu rigar leda, ta leƙa cikinsu sama-sama, ta yanke hukunci: kowanne da yarinya mai fushi, da ƙofar da ake bugawa, da iyayen da ba su san dawan garin ba. Ta jera su dai a kantar kusa da taga. Kafin mako ya zagayo kantar ta zama wayam, 'yan mata da samari sai rububinsu suke yi.

A gida ma akwai yarinya, sai dai ita ba ta buga ƙofa. Auta ce, 'yar Anti Shiru, shekararta goma sha biyar, yayyenta duk sun watse, ita kaɗai ta rage. Tun da auren iyayenta ya mutu bara, uban ya koma wani gari, maganarta ta koma "to" da "ba komai". Yanzu ga shi ya bugo waya ya ce akwai makaranta mai kyau kusa da shi, in hutu ya ƙare a turo masa Auta.

Uwar tana guga ta tambaye ta, idonta a kan wuyan riga.

"Babanki ya ce ki koma wajensa. Me kika gani?"

"Duk yadda kuka ce, Mama."

Anti Shiru ta ɗauki wannan a matsayin amincewa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta san yadda za ta zauna a gidan nan ita kaɗai ba. Amma ba za a ce ita ta tare wa 'yarta hanya ba. Ta sauko da akwati daga saman wadrob, ta kakkaɓe shi, ta ajiye a falo a buɗe. Kullum sai ta sa wani abu a ciki: yau tawul, gobe safa, jibi man shafawa.

Auta takan zo laburaren da rana kamar kowa, da katin aronta, ta bi layi. A cikin sababbin ta ɗauki wani mai koren bango. Da ta dawo da shi, uwar ta bi shafukan kamar yadda ta saba, sai farcenta ya ci karo da lanƙwasa. Babba kuwa, har kusan rabin shafin. Yarinyar da tun tana rarrafe ta san doka! Ta miƙar da shafin, ta ɗora ƙamus, ta bar maganar sai gida.

"A gaban mutane kika so ki kunyata ni? 'Yar mai laburare da lanƙwashe shafi?"

"Yi haƙuri, Mama."

Washegari Auta ta sake aron littafin. Ya dawo da lanƙwasa a daidai wurin, tsohon layin ma bai gama ɓacewa ba. Uwar ta miƙar, ta ƙara wa ƙamus nauyi da abin huda takarda, ta ce a ranta ƙuruciya ce, duk littattafan nan ne suke ɓata su. Da yamma ta sa takalmin makaranta a akwati.

A karo na uku Auta ba ta jefa littafin cikin kwandon dawowa ba. Ta ajiye shi a kan kantar uwar, ta tsaya kaɗan, ta juya ta sauka. Anti Shiru ta buɗe, farce a shirye. Shekara da shekaru tana miƙar da shafuka, bai taɓa zuwa mata a rai ta karanta abin da mutane suke lanƙwasawa ba, ita dai takardar take gani. Wannan karon, don haushi, ta ce bari ta ga mene ne a ciki.

Wata yarinya ce a labarin, tana zaune a bakin gado, uwarta tana haɗa mata kaya. A ƙasan shafin yarinyar tana cewa a ranta: "Ni ba tafiyar nake so ba. So nake ta ce kada in tafi. Ko sau ɗaya."

Fanka tana ta juyawa. Wani yaro a teburin baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafe baki yana jiran harara, harara ba ta zo ba.

Ta juya shafin ta ga abin da uwar labarin ta ce. Ba ta ce komai ba, zuge jakar ta yi. Anti Shiru ta ja tsaki, ta ce wannan mata ba ta da hankali. Ta jawo sauran sababbin da suka dawo, ta zauna tana karanta su da gaske, tana neman inda wata uwa ta buɗe baki. Iyayen cikin littattafan nan ba su da kirki wajen magana, sai da ta kusa fid da rai. Can a wani mai jan bango ta samu wata kaka tana ce wa jikarta: "Gidan nan ba ya zaunuwa in ba ke. Ki zauna."

Ta duba hagu, ta duba dama. Ta kama bakin shafin, ta lanƙwashe shi, ta bi layin da farce don ya zauna. Ta buga wa littafin ranar dawowa a kan katinta.

A gida ta tarar da Auta a falo, kusa da akwatin. Ta miƙa mata littafin, ta wuce ta hau ninke wankin da tun safe a ninke yake. Ta ji ƙarar takarda.

"Mama."

"Na'am."

"An hana lanƙwashe shafi."

"Na sani."

"Kuma naki ya karkace."

"Ban saba ba."

Auta ta sunkuyar da kai, tana goge ido da bayan hannu. Uwar ta ajiye wankin, ta ga littafi ya yi iyakar abin da zai iya, saura nata.

"Kada ki tafi," ta ce. "Ba na so. Zan kira babanki in gaya masa."

Auta ta durƙusa gaban akwatin, ta ciro takalmin makaranta, ta kai shi bayan ƙofa inda yake zama.