Ƙarfen Gidan Tudu

Fulgencio Pavón ne ya kashe Casimiro. Bai ɗaga masa hannu ba, bai ma san yana gona a ranar ba, amma shi ya kashe shi, kuma duk wanda ya ce ajali ne kawai, rufa masa asiri yake yi.

A ƙauyen Los Jícaros, gidan da ke kan tudu shi ne na farko da hayaƙin Dutsen nan mai aman wuta ke iskewa idan iska ta juya. Shi ya sa tun kafin a haifi Fulgencio aka rataya tsohon ƙarfen tayar babbar mota a bishiyar ƙofar gidan. Duk wanda ke zaune a nan, da ya ji warin ashana ya kama masa maƙogwaro, sai ya ɗauki guduma ya buga. Ƙarar na sauka kwari, mata su kwashe shanya, su rufe durorin ruwan sama, a kora yara ɗaki, a jiƙa barguna a toshe ƙofa da taga. Masu ciwon ƙirji su bar gona tun hayaƙin bai gangaro ba. Uwar Fulgencio ta buga ƙarfen nan har hannunta ya daina ɗaga guduma.

Da ta rasu sai ya dawo daga birnin Managua da takalmi mai tsini da dabara. Ya ƙara ɗakuna, ya gina baranda mai fuskantar bakin Dutsen, ya fara kawo baƙi masu son kallon hayaƙi suna cin nama.

Ermelinda, matar Casimiro, ita ta fara ganewa. Ta fito kwashe wanki ta tarar idonta yana yaji, kaji sun ɓuya, ba a buga komai ba. Ta ɗaura ɗankwali ta hau tudu. A tsakar baranda ta ga ƙarfen, an yi masa ƙafafu, an cika shi da gawayi, nama yana ɗiga a kai.

"Kai, Fulgencio. Mene ne wannan?"

"Murhu ne, Gwaggo. Zauna a yanko miki, akwai soyayyar ayaba."

"Na san murhu. Ƙarfen uwarka nake tambaya."

"Ita ta huta, shi ma ya huta." Ya juya naman. "Kwanaki na buga, wata Baturiya ta ɗauka Dutsen zai fashe, ta bar takalmanta ta gudu mota. Haka ake sana'a?"

"To Casimiro fa? Ka san fukarsa. Daga gonar abarba zuwa gida sai ya zauna ya huta a hanya."

"Kowa da hancinsa, Gwaggo."

"Hancin kwari sai hayaƙi ya shiga huhu yake ji, ɗan banza. Ka sani. A bayan nan nawa aka goya ka ranar da ƙarfen ya yi ƙara uwarka tana kan guduma, da jiƙaƙƙen tsumma a fuskarka, kana ta yi mini majina a wuya."

"Zan riƙa aiko saƙo ta waya."

"Waya a kwari? Sai dai mu koma kwana kan rufin coci neman sabis."

Ya yi dariya, ya faɗa wa baƙin wani abu da harshensu, su ma suka yi dariya. Ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hotonta. Ta juya ta sauko.

Ta ce wa Casimiro ya bar zuwa gonar nesa. Yana cin shinkafa da wake, numfashinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Ke, tsohuwa, idan na zauna ɗaki, bargo za mu ci? Abarba ta nuna."

"Ba a buga ƙarfe yanzu. Ka sa wannan a kanka."

"Na sa."

Bai sa ba. Mutumin da ya tashi ya tsufa yana jin cewa shiru daga tudu lafiya ce, ba da gargaɗi ɗaya ake cire masa wannan ba.

Ranar da abin ya faru, da la'asar, tana niƙan masara sai ta ji harshenta ya yi tsami. Ta ɗaga kai. Shuɗin hayaƙi ya riga ya rufe cocin, yana kwanciya cikin kwari. Daga tudu kiɗa ake ji. Ta tsoma bargo a duro, ta fita da gudu irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, ruwa yana bin ƙafarta.

A gefen hanya ta same shi zaune, ya jingina da shingen da tsatsa ta cinye wayarsa. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka, leɓensa ya yi toka. Abin shaƙar da aka ba shi a asibiti yana hannunsa, ya ƙare. Kwandon abarba yana gefensa, cike.

Ta rufa masa bargon. "Ba ka ji wari ba ne?"

"Na ji." Ya ja numfashi da ƙyar. "Na ce kaɗan ne. Ban ji ƙarfe ba."

Maƙwabci ya kawo mota. Ba su kai asibitin Masaya da shi da rai ba.

Fulgencio ya zo zaman makoki da burodi da babban tulun kofi, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ermelinda ta karɓi tulun ta juye shi a ƙasa gaban jama'a.

Da aka gama addu'ar kwana tara ta hau tudu, mata suna biye da ita. Suka kifar da murhun a gaban baƙi, suka rataya ƙarfen inda yake. Ta buga. Wuta ta riga ta kashe muryarsa, ƙarar ko bakin shinge ba ta kai ba.

"Kin gani, Gwaggo?" in ji Fulgencio. "Ya mutu. Ku koma gida."

"Ni ba gwaggonka ba ce."

Ta koma gida ta ɗauko babbar tukunyarta da ludayin ƙarfe, ta dawo ta zauna a bakin barandar. Da wari ya taso ta buga har hannunta ya yi jini. Washegari wasu matan suka karɓe ta, da tukwane da faranti. Duk baƙon da ya tambaya, sai su nuna masa hoton Casimiro, su nuna mai gidan. Fulgencio ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan, wanda uwarsa ke zaune a kwari, ya ce bai san dokar da ta hana mace buga tukunyarta a bakin hanya ba.

Kafin damina ta wuce baƙi suka daina zuwa. Ya sa gidan a kasuwa, babu mai saye. Hayaƙi ya cinye kwanon sababbin ɗakunan, babu maƙwabcin da ya hau ya taya shi sauya ko ɗaya. Ba a gaishe shi a coci, ba a sayar masa da abarba. Yana nan kan tudu shi kaɗai, shi ke fara shaƙar hayaƙin, kuma fuka ta kama shi.