Sunan Zabibu

"Ba zan kankare ba, Mzee."

Haka na ce wa Mzee Shee Lali, dattijon da ke shugabantar kwamitin bikin Maulidi na tsibirinmu, yana tsaye yana miƙo mini 'yar wuƙar da yake fiƙe fensir da ita. Muna cikin zauren bakin teku, inda kowace shekara ake jera ƙananan jiragen katako a kan tebur jama'a su zo kallo. Nawa yana tsakiyar layi, tsawonsa kamu ɗaya. A bayansa na rubuta Zabibu da farin fenti.

"Mwanaheri, ba jirgin na hana ba," in ji shi. "Jirgi ya yi kyau. Sunan kawai. Goga biyu, an wuce wurin."

"In an cire sunan, jirgin wa ya zama?"

"Jirgin kowa. Jahazi dai jahazi ne."

"Wannan na babana ne."

Ya juya ya dubi dattawan da ke zaune a benci, ya yi 'yar dariya. "Kun ji karatun Mombasa ko? An tura yarinya ta koyo koyarwa, ta dawo tana koyar da masu furfura."

"Mombasa rubutu ta koya mini, Mzee. Sunan a gida na same shi."

Ya mayar da wuƙar aljihu. Ya ce tun kakanni ba a sake rubuta sunan jirgin da ya ci mutane, kuma ni ma na sani. Ya ce akwai iyayen mamatan da za su shigo zauren nan. Sannan ya rage murya ya tuna mini cewa kwamitin makaranta ne ya ɗauke ni aikin koyarwa, ba gwamnati ba, kuma shi ne yake zama a kujerar kwamitin. Na ce na sani. Ya ce to in sauke jirgina daga teburinsa. Na sa hannu biyu na ɗauka na fita.

Zabibu sunan kakata ne, shi Baba ya sa wa jahazinsa, wato babban jirgin ruwansa mai ƙyalle. Babana Famau nahodha ne, shi ke riƙe da jirgi da rayukan da ke ciki, kuma tun kafin a haife ni yake kai mutane da kaya tsakanin tsibirinmu da Lamu. Shekarar da nake ƙarshen karatu, iska ta juya musu a mashigin da ruwa ke da ƙarfi, jirgin ya kife. Mutane sun mutu, cikinsu har da Kombo, ƙanen aminiyata Zuhura. Masu bincike sun zo sun tafi, suka ce ba a yi lodi fiye da kima ba, iska ce. Amma garinmu bai damu da abin da suka ce ba. Abin da gari ya riƙe shi ne nahodha ya fito da rai, ɗan mutane bai fito ba.

Daga ranar Baba ya shige ɗaki. Masallaci ma ya daina zuwa, a kan tabarmarsa yake salla. In na kai masa shayi da mahamri, irin fankenmu mai kwakwa, ya karɓa, in na tambaye shi jiki ya ɗaga kai. Maganarsa a wuni ba ta cika cokali ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka mu biyu ne a gidan, da shirun da ya zama na uku.

Kwalin ƙaramin jirgin a wani kanti na gan shi a Mombasa, irin wanda baƙi ke saya. An yanka katakon an jera, da zare da gam da takarda mai zane, sai haɗawa. Da na dawo gida na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda zai iya hango ni daga ƙofarsa, na zazzage kayan. Kullum in na taso daga makaranta, bayan la'asar, nan nake zama.

Na fara da ƙashin bayan jirgin, na kakkafa haƙarƙarinsa. Sai allunan jiki, sirara kamar ɓawon rake. Sai an jiƙa su a ruwan zafi kafin su yarda su lanƙwasa, kuma ko an jiƙa, rabinsu karyewa suke yi a hannuna. Gam ya cinye mini fatar yatsu. Na yi gefe guda ya fito a karkace, na ɓamɓare na sake. Duk wannan Baba yana zaune a duhun ɗakinsa, ban san ko kallo yake ko barci ba.

Ranar da na zo kafa jigon da ke ɗaukar ƙyallen jirgi, na tsayar da shi cak yadda takarda ta nuna. Sai na ji murya daga ɗaki.

"Wannan sandar tuta ce ko jigo?"

Ban ɗaga kai ba. "Haka aka zana, Baba."

"Wanda ya zana bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Karkato shi gaba."

Na karkato.

"Na ce karkato, ban ce kwantar ba."

Washegari ya fito da kujerarsa bakin ƙofa. Bayan kwana kaɗan ya sauko kan tabarma. Hannunsa na dama rawa yake yi tun bayan hatsarin, ba ya iya riƙe zare, don haka shi ke faɗa ni ke ɗaurawa. Ya ce zaren kwalin na ɗinkin maɓalli ne, ya sa na murza wani na shafe shi da kakin zuma. Ƙyallen da aka sako a ciki ya ce ko kifi ba zai naɗe da shi ba, ya ɗauko tsohon farin zanensa na ɗaurawa ya ce in yanka. Muka ɗaura shi a doguwar gorar da ke ratsa jigo. Kowace igiya sai da ta yi aikinta: in ka ja wannan ƙyalle ya hau, in ka saki waccan ya juya. In na yi ƙulli ya shafa da babban yatsa ya ce, "Kwance. Wannan ƙullin buhun gawayi ne." Ranar nan har dariya ya yi, gajeriya, kamar ta kuɓuce masa.

Da na ɗauko farin fenti ya daina dariya.

"Suna za ki sa?"

"I, Baba."

"Ba za su bari ba."

Bai ce kar in sa ba. Yana kallo na rubuta harafi bayan harafi, leɓensa yana motsi.

To da Mzee ya kore ni daga zaure, ban nufi gida ba. Akwai katangar da ta raba hanya da teku, daidai gaban ƙofar zauren. Na hau na zauna, na ɗora jirgin a cinyata, na juya bayansa wajen hanya. Teburin nasa ne, katanga ba ta kowa ba ce.

Bikin kwana uku ake yi. Ranar farko rana ta gasa ni tun hantsi. Masu jakuna suna wucewa suna leƙe. Wani mai sayar da dafaffen rogo ya ce, "Malama, riƙe shi da kyau, kar ya sake nutsewa a cinyarki." Aka yi dariya. Na ce, "Kai dai kula da rogonka, ƙuda sun riga ka ciniki." Aka sake dariya, wannan karon ba da ni ba. Matan da muke gaisawa kullum suka ja mayafi suka tsallaka ɗaya gefen. Ɗalibaina in sun hango ni sai iyayensu su fizge hannunsu. Da aka kira magariba na sauka na tafi gida, ƙafafuna sun kumbura.

Labari ya riga ni isa. Baba yana zaune a tsakar gida, bai taɓa abincin da na bar masa ba.

"Gobe ki kankare," ya ce.

"A'a, Baba."

"Ni ne na ce. Ba Shee Lali ba."

"Na ji. Ba zan kankare ba."

"Jirgina ne ko naki?"

"Babban naka ne, yana ƙasan teku. Wannan ni na haɗa."

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, na tsaya riƙe da jirgi ina jin kamar na rushe duk abin da muka gina a kan tabarmar nan. Amma da safe na ɗauka na koma katanga.

A rana ta biyu Zuhura ta zo. Tare muka yi allo, tare muka yi firamare, ni na riƙe mata madubi ranar lallenta. Tun rasuwar Kombo ba ta daina gaishe ni ba, ko da gidansu sun daina. Ta tsaya a gabana, goyonta yana barci, ta dubi jirgin sama da ƙasa. Ta sa yatsa ta ja igiya ɗaya, ƙyallen ya motsa.

"Har yana aiki," ta ce.

"Yana yi."

"Kin yi ƙoƙari, Heri. Igiya tsaf, suna tsaf. Ina kika sa Kombo?"

Na dubi jirgin da ke cinyata.

"A nan yake zama." Ta taɓa gaban jirgin. "Kullum a nan, ƙafafunsa a waje, Baba Famau yana yi masa faɗa. Mamata tun jiya ba ta fito ba, don hanyar masallaci ta nan ta bi. Biki guda take fita a shekara."

"Zuhura, babana ma bai fita ba tun ranar. Bai kashe kowa ba. In aka goge sunan, an ce ya kashe ke nan."

"Naki yana ɗaki. Kina kai masa shayi." Ta gyara goyonta. "Ban zo faɗa ba. Roƙo na zo. Juya shi kawai, sunan ya kalli teku."

Abu ne mai sauƙi. Hannuna yana kan jirgin, juyi ɗaya ne. Na tuna leɓen Baba yana bin haruffan nan. Na tuna mahaifiyarta da ta sha ba ni wali, wato dafaffiyar shinkafa, da miyar kwakwa a kwano ɗaya da 'ya'yanta. Duka biyun gaskiya ne, kuma katangar ba ta ɗaukar duka biyun.

"Ba zan iya ba," na ce.

Ta gyaɗa kai a hankali. "To, Malama," ta ce. Ba ta taɓa kirana haka ba. Ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Rana ta uku ita ce ta zagayen gari da tambura. Tun safe kaina yake sarawa, ban karya ba. Wajen la'asar, hanya ta cika maƙil, sai na ga mutane suna darewa kamar an koro jaki mai kaya. Baba ne. Ya sa farar rigarsa da ta yi masa yawa yanzu, yana tafe yana kare ido da hannu saboda haske. Hayaniya ta mutu tun daga bakin kasuwar kifi har ƙofar zaure.

Ya tsaya a gabana. Fuskarsa babu sassauci.

"Sauko. Kin isa haka."

"Sai an tashi, Baba."

"Taurin kan kakarki ne ya dawo mini." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Na ɗauka jefa shi zai yi a teku, ruwa ya cika har gindin katanga. Duk da haka na ba shi. Ya karɓa da hannun hagu, ya tallafe da na daman mai rawa. Ya ga wata igiya ta saki, ya ce in ɗaure, na ɗaure a gaban kowa. Sannan ya rungume jirgin a ƙirji ya juya, sunan yana waje.

Mzee Shee Lali yana bakin ƙofar zaure. Baba ya tsaya ya yi masa sallama. Mzee ya dubi jirgin, ya dubi Baba, ya amsa ciki-ciki. Na bayansa ba su amsa ba. Muka bi tsakiyar hanya har gida, shi a gaba ni a baya, babu wanda ya tare mu, babu wanda ya raka mu. Da muka shiga ya ajiye jirgin a kan taga, ya zauna yana haki. Ya yi mako bai yi mini magana ba.

Yanzu yana zuwa masallaci, sahun ƙarshe, kusa da takalma. Wasu suna ba shi hannu, da yawa ba sa bayarwa. Jirgin yana nan a kan taga da sunansa, in iska ta shigo ƙyallen yakan kumbura.

Da aka dawo daga hutu, kwamiti bai sake kirana makaranta ba. Wata malama aka kawo daga Lamu, ita ke riƙe da ajina, ni kuma ina soya mahamri ina sayarwa a bakin tashar jirage. Mahaifiyar Zuhura ba ta ga bikin shekarar ba, kuma ta rasu kafin na gaba. Na je gaisuwa, aka bar ni tsaye a soro. Zuhura takan wuce ta gaban tirena da safe, ta sayi na maƙwabciyata.

Sunan bai goge ba. Abin da na biya shi ne aikina da aminiyata.