Rassan da Thilak Ya Karya

Gunadasa ya tsufa yana kai baƙi kallon tsuntsaye a gandun dajin Sinharaja, kuma bai taɓa nuna wa kowa tsohuwar bishiyar turaren da ke bayan rafi ba. Ɓarayin itace na nemanta. Ranar da aka sare ta, shi za a fara tuhuma, a ƙwace masa izinin aiki.

Sai ga Thilak, ƙanen matarsa, ya dawo daga birnin Kolombo wai son tsuntsaye ya kama shi, a kai shi daji ya gani. Mutumin da ko kaza bai taɓa kula ba.

A bakin daji Gunadasa ya karya reshe ya rataye a bishiya, neman tsari kamar yadda kakanni suke yi. Thilak ma ya rataye nasa. Da suka kai mararraba Thilak ya sake karya wani. A ta gaba ma haka.

"Sau ɗaya ake yi, a ƙofa," in ji Gunadasa.

"Yaya, zunubina ya fi naka yawa. Bar ni in ƙara."

"Tsuntsayen suna sama. Me kake nema a gindin itace?"

"Wuyana ke ciwo, tsoho."

Gunadasa bai yi dariya ba. Hanyar rafi dole ta wuce kusa da bishiyar, kuma ya ga Thilak ya tsaya cire matsattsaku daga ƙafarsa daidai wurin, yana shinshina iska. Nan ma ya bar reshe.

Mai ladabin da ya wuce kima abin dubawa ne.

Da la'asar Gunadasa ya koma shi kaɗai. Ya tsince rassan da Thilak ya bari a matsayin alama, ya sake rataye su a wata hanya, wadda ta ƙare a rumfar masu gadin daji.

Washegari da hantsi aka aiko cewa an kama mutum biyu da zarto, sun bi rassa har ƙofar rumfa. Ɗayansu Thilak ne.

Somawathi, matar Gunadasa, tana kankare kwakwa lokacin da labarin ya iso. Ta daɗe tana kallon mijinta.

"Ina ka je jiya da yamma?"

"Daji."

"Uwarmu ɗaya da shi."

"Na sani. Ni ban ba shi zarto ba."

Ta zuba masa shinkafa, ta ɗauki tata ta fita bayan gida.